Lafiyayyen Hannu Cikin Bandeji

Shekara biyu da wata huɗu na yi ina yawo da bandeji a wuyan hannuna na hagu, alhali babu abin da ya sami hannun. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya fara tausaya mini kamar yadda 'yan kulob suka yi ta yi. Ni ne mai koyar da golf a kulob ɗin garinmu. Koci kowa ke ce mini, har akwai manyan mutanen da muka shekara goma tare ba su san ina da wani suna ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba, bari in taƙaita masa. Kafin mutum ya buga, yakan tsaya a kan ƙwallo, ya daidaita ƙafafunsa, sannan ya ɗan kaɗa kan sandar gaba da baya da wuyan hannu kawai, sau ɗaya ko biyu, don hannu ya saki jiki ya tuna hanyarsa. Daga nan ya ja sandar baya, wuyan hannu ya lanƙwashe a sama, ya sauko da wannan lanƙwasar yana riƙe da ita, sai dab da ƙwallo ya sake ta kamar bulala. Golf ke nan gaba ɗayansa. Sauran duk tsadar tufafi ce da yawan surutu.

Wata Talata da hantsi ina koya wa wani manajan banki, mutum mai tumbi da taurin kai. Na gaji da yi masa bayani, na ce ya ba ni sandar ya ga yadda ake yi. Na tsaya, na kaɗa sau biyu kamar yadda na saba shekara talatin. Sandar ta ƙi tafiya baya. Na sake kaɗawa. Na sake. Ba ciwo, ba tsami, ba komai. Kaina yana cewa tafi, hannuna yana cewa dakata tukuna, kamar akwai wani abu da ban duba ba. Na kai tara ina kaɗawa, gumi ya fara bin bayana, manajan ya zuba mini ido baki buɗe. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Wash!" Na saki sandar, na dafe wuyan hannu. Kafin azahar na gaya wa Sakataren kulob cewa murfin but ɗin mota ne ya datse ni da safe, na ɗauka abin wasa ne.

Matata ma'aikaciyar jinya ce, wannan kuwa ba ƙaramar rashin sa'a ba ce ga maƙaryaci. Da yamma ta zaunar da ni a kujerar kicin, ta kama hannun ta juya, ta danna nan, ta danna can.

"Ina ne ke ciwo?"

"Nan."

"Nan ɗin da ka ce ba ya yi ɗazu?"

"To, yawo yake yi."

Ta dube ni ta saman gilashinta ta daɗe. Sannan ta buɗe durowa ta ɗauko bandeji, ta naɗa mini shi tsaf, ta maƙala ƙarfen. Kullum da safe haka take yi kafin ta tafi asibiti, ni kuma ina kallon bango.

Ba wai ban nemi mafita ba. Da sassafe, kafin a buɗe ƙofar kulob, nakan je can ƙarshen filin atisaye bayan rumbun taki, in kwance bandejin, in ɗora ƙwallo, in tsaya. Wata rana in kaɗa ashirin, wata rana arba'in. Idan ba ƙwallo a ƙasa, sandar takan tafi sumul, har iska ta yi fito. Da na ajiye ƙwallo sai hannun ya ƙage. Mutum ɗaya ne ke ganina, tsohon da ke yanke mana ciyawa, wanda muke kira Mai Ciyawa. Yakan wuce a kan injinsa, ya ɗaga mini hannu, ya kau da kai. Wata shida na yi ina wannan zarya, sannan na daina zuwa.

Yanzu sai maganar Auta, 'yata, wadda saboda ita nake wannan tone-tonen. Tun tana shekara takwas take bina kulob. Ban taɓa koya mata da baki ba. Nakan tsaya in buga, tana bayana tana kallo, sai in matsa ta buga. In ta kuskure in sake bugawa, ta sake kallo. Haka muka yi shekara goma sha biyu. Allah ya ba ta wuyan hannu mai laushi da ban taɓa ganin irinsa ba, ba ta san ma tana da shi ba. Takan zo, ta kalli inda za ta aika ƙwallo, ta kaɗa sau ɗaya, kafin ka ƙifta ido ƙwallon tana sama. 'Yan kulob su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni kuwa in yi ta hura hanci.

Da bandeji ya zo, nuni ya ƙare, sai baki ya rage mini. Kuma ashe ina da baki. Abin da hannuna ya sani bai taɓa faɗa ba, na zauna na yanka shi gunduwa-gunduwa na sa masa lamba. Na ɗaya, bayan hannun hagu ya miƙe kamar an ɗaura masa rula. Na biyu, tafin dama ya kwanta kamar na mai ɗauke da faranti. Na uku, babban yatsa kada ya danne. Haka har bakwai. Na sa aka buga su a ɗan kati, aka lulluɓe shi da leda, na rataya wa Auta a jakar sandunanta. Na ce duk kaɗawar da za ta yi kafin bugu, ta duba abu ɗaya a ciki.

Mutane suka yi ta yabo. Sakatare ya ce tun da Koci ya ji ciwo iliminsa ya fito fili. Aka fara gayyatata in yi wa sababbin shiga lacca a ɗakin taro, da allo da alli. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Nakan tsaya gaban mutum talatin ina ɗaga hannu mai bandeji ina bayanin yadda ake sakin wuyan hannu, ni da ba zan iya tura ƙwallo taku biyar ba.

Ita kuwa Auta sai ta zama hannuna na hagu. Ta koyi mota don ta riƙa kai ni aiki. Ita ke buɗe mini murfin gora, ita ke sa mini maɓallin hannun riga. Kowace safiya takan durƙusa a bakin ƙofa ta ɗaure mini igiyar takalmi, tana tsokanata wai na zama ɗan firamare. In na ce ta bari, ta ce, "Haba Abba, hannun nan shi ya koya mini komai, don na ɗan yi masa aiki ai ba wani abu ba ne." Nakan yi dariya. Allah ya sani a lokacin nakan ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban taɓa janye ƙafar ba.

Abin ya shigo mata a hankali, yadda ban lura ba, ko kuma na ƙi lura. Kaɗawa ɗaya ta zama uku, uku ta zama bakwai, daidai da katin. Na ce natsuwa ce. Sai ranar gasar kulob ta ƙarshen wata, a na huɗu cikin ramukan da ake bi ana jefa ƙwallo, na tsaya a gefe ina ƙirgawa a zuci, na kai goma sha huɗu ba ta buga ba. Alƙalin wasa ya zo da agogonsa ya gargaɗe ta. A rami na tara ya ƙara mata bugu ɗaya na hukunci saboda jinkiri, a golf kuwa mai ƙarancin bugu shi ke da nasara. Ta ƙare ta shida cikin matan da a da ba sa ganin ƙurarta.

Saura mako biyar a lokacin a yi gasar zaɓen 'yan wasan ƙasa na masu ƙasa da shekara ashirin da uku. Auta tana da ashirin da biyu da wata tara. In ta wuce ta, ta wuce ke nan, kuma can alƙalansu ba sa wasa da agogo.

A mota, tana tuƙi, na sauke mata kwandon faɗa.

"Me kike jira ne wai? Ƙwallon ce za ta gaishe ki? Ki tsaya ki buga mana!"

"Abba, abubuwan da ka ce nake dubawa. In na kai na biyar sai in ji na biyu ya kuɓuce, sai in koma farko."

"To ki daina tunani!"

"Ta yaya?"

Ni aka yi wa wannan tambayar. Ni, da na yi wata shida ina neman amsarta a bayan rumbun taki. Maimakon in buɗe baki in faɗi gaskiya, da muka isa gida na karɓi katin, na ɗauki biro na rubuta a ƙasa: na takwas, kada ki yi tunani. Har yau in na tuna da wannan na takwas ɗin sai in ji fuskata ta yi zafi.

Kwana uku bayan haka ina tsaye bakin filin atisaye, Mai Ciyawa ya kashe injinsa kusa da ni. Bai taɓa yin haka ba. Ya cire hula ya share gumi, yana kallon Auta can nesa, ta sunkuya a kan ƙwallo tana kaɗawa.

"Koci, yarinyar nan ta fara irin tsayuwarka."

"Wace tsayuwa?"

"Ta bayan rumbu."

Na ce ya kula da ciyawarsa, ya bar mini koyarwata. Ya ce to, Allah ya ba da haƙuri, ya tada injinsa ya tafi. Tsohon da ya rufa mini asiri shekara biyu ba tare da na roƙe shi ba, shi na yi wa tsawa.

Washegari Asabar, na zauna a kujerar kicin na miƙa hannu kamar kullum. Matata ta ajiye bandejin a kan tebur, ta ɗauki jakarta.

"Baban Auta, daga yau ka naɗa da kanka. Na gaji da ɗaure lafiyayyen hannu."

"Ki yi a hankali, za ta ji."

"Da ma ta ji. Jiya na same ta a banɗaki tana kuka, ta kunna famfo don kada a sani. Ka san me ta ce mini? Wai ko a kai ta a duba mata ƙwaƙwalwa. Tana ganin ita kaɗai ce a duniya hannunta ya taɓa ƙin jin maganarta. Kuma ba gasar ce ta fi damunta ba, kai ne. Wai ka rasa hannunka, ita ce ta rage maka, ga shi ita ma ta lalace."

"Zan yi mata magana."

"Maganar ce ai ta kai ta nan. Na yi shiru don na ɗauka mutuncinka nake karewa. Ni ma da nawa laifin, ba na musu. Amma ba da ni ba kuma."

Ta fita. Na naɗa abin da hannu ɗaya da haƙori, ya fito a karkace. Auta ta fito ta gan shi, ta gyara mini, sannan ta durƙusa ta ɗaure mini takalmi. Na yi niyyar in faɗa mata a mota. Muka wuce shataletale, muka wuce gidan mai, muka wuce gada, ina ta jiran mu wuce wani abu kuma. Muka shiga kulob ban ce komai ba.

Ranar Asabar filin atisaye cike yake. Tabarmin bugu goma sha biyu a jere, kowanne da mutum, wasu na bayansu suna jiran layi da kofin shayi. Auta ta samu na tsakiya. Ta zuba ƙwallaye, ta zaro sanda mai lamba bakwai, ta tsaya. Ta fara kaɗawa. Na ga leɓenta yana motsi, tana bin katin. Goma. Goma sha biyar. Na gefenta ya buga uku ita ba ta buga ɗaya ba. Wani ɗan kwangila mai son raha ya ce da ƙarfi, "A kawo mata ruwa, za ta yi saiwa a wurin!" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Ta kai ashirin da biyu, sannan ta ja da baya, ta saki sandar a ƙasa, ta tsaya tana kallon tafin hannunta. Na san wannan kallon. Na san abin da ke biye da shi ma, domin na ga hannunta na dama ya fara tafiya wajen wuyan na hagu zai dafe.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na cire ƙarfen bandejin, na fara warwarewa. Fatar da ke ƙasa ta yi fari-fari, ta motse, hannun ya sirance kamar ba nawa ba. Na sunkuya na ɗauki sandarta.

"Matsa," na ce. "Ki ƙirga."

"Abba, hannunka!"

"Ki ƙirga kawai. Da ƙarfi."

Mutane suka bar tabarminsu suka taho. Wani ya fara tafi, wai Koci ya warke. Sakatare ya fito daga ofis da gudu-gudu yana ɗaga waya zai ɗauki hoto. Na ja ƙwallo ɗaya da kan sanda, na daidaita ƙafafu, na kalli tutar da ke tsakiyar fili. A zuciyata har na roƙi Allah ya sa ta tafi, in buga ta yi sama, kowa ya yi shewa, in ce addu'a ce ta karɓu. Har a wannan lokacin ƙofar gudu nake nema.

"Ɗaya," in ji Auta. "Biyu."

Sandar ba ta tafi ba.

"Uku. Huɗu."

Aka yi 'yar dariya, an ɗauka kwaikwayonta nake yi don in koya mata darasi. Ɗan kwangilar ya ce lallai Koci ya iya tsiya. Ta kai takwas, dariyar ta ragu. A goma sha biyu muryarta ta tsaya, ni na ci gaba da ƙirgawa a raina. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan tabarmi. Ina jin injin Mai Ciyawa can nesa, sai na ji shi ma an kashe. Sakatare ya sauke wayarsa. Na kai talatin da ɗaya. Na miƙe, na jingina sandar da jakarta.

"Hannuna lafiya lau yake," na ce. Ita nake kallo, amma kowa ya ji. "Babu wani but ɗin mota. Tun ranar farko wannan ne. Abin da ke damunki shi ke damuna, kuma ni na sa miki shi da bakina. Ƙwaƙwalwarki ƙalau take."

Na yi tsammanin kuka, ko ihu. Da ta yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Sai ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafuna.

"Abba," ta ce a hankali, "takalmin nan ni na ɗaure shi da safe."

Ta tattara sandunanta ɗaya bayan ɗaya, ta saɓa jaka, ta ratsa mutane. Na ga motarmu ta fita daga ƙofa. Jama'a suka watse kowa yana neman abin kallo a wani wuri. Manajan bankin nan yana cikinsu, wanda ya taɓa aiko mini da man zafi daga ƙasar waje. Bandejin yana nan a ƙasa, ban san ko in ɗauka ko in bari ba, daga ƙarshe na dunƙule shi na cusa a aljihu. A motar haya na koma gida.

Kwana huɗu Auta ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Kuma gaisuwar cikakkiya, da rusunawa, da ina kwana Abba, an tashi lafiya, kamar wadda ta zo gidan surukai. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Jakar sandunan tana bayan ƙofa, ba ta taɓa ta ba, ga kwanaki suna tafiya.

Akwai wata mata da ke koyar da golf a ɗaya gefen gari, a wani fili bayan ɗakunan ajiyar kaya, inda raga ta yayyage kuma direbobin tasi ke zuwa su buga ƙwallo hamsin su tafi. Bahaguwa ake ce mata. Mun yi wasa tare muna matasa. Ba ta iya bayani ba, ko kuma ba ta so, in ɗalibi ya tambaye ta me ya yi ba daidai ba sai ta ce, "Sake." A laccocina na sha kawo ta misali, ina kiran aikinta koyarwar kurame, mutane suna dariya. Na san maganar ta isa kunnenta, garin ba shi da girman da zai ɓoye irin wannan.

Ranar Laraba na je. Na same ta zaune a kan bokitin da aka kife, tana sauya robar mariƙin wata sanda. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuna.

"A'a, Farfesa. An warke?"

Na tsaya a rana na faɗa mata komai, daga manajan banki har Asabar. Ba ta ba ni wurin zama ba, ba ta kuma daina aikinta ba. Da na gama na miƙa mata katin. Ta nisanta shi da ido tana karantawa.

"Duk wannan kafin bugu ɗaya?"

"Eh."

"Ko mai tuƙa jirgin sama albarka." Ta kai ƙasa, ta ga na takwas. Ta yi dariya har ta dafe ciki, har wani direba ya juyo. Na tsaya na sha, don na ci bashin abin da ya fi haka a bakina. Da ta natsu ta share ido ta ce, "Na san yarinyar. Na gan ta tana 'yar sha huɗu, na koma gida na kasa cin abinci don hassada. Hannun yana nan, ka binne shi ne kawai. Ka turo ta gobe."

"Na gode."

"Ban gama ba. Ba za ka shigo nan ba. Ba za ka tsaya a bakin waya kana leƙe ba. A gida ko kalmar sanda kada ta fito daga bakinka. In ta tambaye ka wani abu game da bugu, ka ce ba ka sani ba."

"Ai kuwa ban sani ba."

"Yauwa. Ka fara samun sauƙi."

Matata ce ta kai wa Auta saƙon, ita ce kuma ke kawo mini labari a taƙaice, kamar rahoton majiyyaci. Wai Bahaguwa ba ta barinta ta tsaya. Mirgino mata ƙwallo take yi a ƙasa, sai ta buge ta tana tafiya. Wai takan jera mata biyar a layi, ta bi su tana taku tana bugawa ba numfashi. Wai ranar farko rabinsu a raga suka ƙare, ɗaya ta fasa fitila. A mako na biyu na ji Auta tana waƙa a wanka. A na uku ta dawo ta wurgar da jaka ta shige ɗaki ta rufe, matata ta ce abin ya dawo mata a ranar, sau goma sha ɗaya. Na tashi zan je ƙofarta, bakina cike da shawara. Matata ta nuna mini kujera da cokali, na koma na zauna.

A kulob kuwa ba wanda ya kore ni, da an kore ni ma da ya fi. Ana gaishe ni da fara'a mai yawa. Lacca dai ba a sake neman in yi ba. Na je na sami Mai Ciyawa na ba shi haƙuri, ya ce shi bai ma tuna an yi ba, ya tambaye ni ko na ga yadda tsutsa ta ci ciyawar rami na shida.

Ranar gasar, a wani babban kulob mai tafiyar awa biyu, Auta ta fito da sassafe cikin fararen kaya, ta miƙo mini makullin mota.

"Ka kai ni. Ina so in huta da hannuna."

Rabona da sitiyari kusan shekara biyu da rabi. Na tuƙa a hankali kamar ɗan koyo, tana gefe ta jingina kai da gilashi. Muka isa, na tsaya a wurin ajiye motoci. Ta sauko da jakarta da kanta, ta tsaya ta gyara safar hannu.

"Abba, kada ka shigo."

"To."

"Ba don fushi ba. Fushin yana nan, amma ba shi ba ne. In na gan ka, muryarka nake ji."

"Na gane. Allah ya ba da sa'a."

"Amin."

Ta tafi. Shekara goma sha huɗu ban taɓa rasa bugunta na farko a gasa ba. Tsakanin motoci da wurin farawa akwai katanga da dogayen shuke-shuke, ba a ganin komai sai saman wata farar rumfa da lasifika a kan sanda. A gindin katangar akwai benci, direbobin manyan mutane sun zauna suna hira. Na raɓa a ƙarshensa.

Aka yi ta kiran sunaye. Kowane suna, sai shiru, sai ƙarar bugu, sai tafi. Wajen ƙarfe tara lasifikar ta kira sunanta, da nawa a maƙale a bayansa. Na duƙar da kai na kalli agogona. Na san abin da ke faruwa a bayan katangar taki-taki: ta soka ɗan tsinke a ƙasa, ta ɗora ƙwallo a kansa, ta ja baya ta kalli fili, ta matso. Tsinken agogo ya wuce sakan biyar. Ya wuce bakwai. Na ji hannuna na hagu yana motsi a kan gwiwata, na danne shi da na dama.

Kafin ya kai goma na ji ƙarar. Tas, busasshiya, daga tsakiyar sanda. Tafin da ya biyo baya ya fi na sauran tsawo, wani ma ya yi fito.

Direban da ke kusa da ni, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ga yadda na saki numfashi.

"Taka ce wannan?"

"Ita na kawo."

"Kai ka more. Nawa maigidan sai ya yi ta rawa a kan ƙwallo kamar mai jin fitsari, sai yamma muke barin wuri. Wannan kuwa ba ta da ɓata lokaci." Ya miƙo mini gorar ruwansa. "Ka daɗe kana yi mata aiki?"

Na karɓa, na buɗe murfin da hannuna, na sha.

"Yau na fara," na ce.